Man da Ya Kayar da Zukiswa

Mowbray, Cape Town
Watan Maris

Yaya Zukiswa,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da Mama Nokhaya da duk mutanen Cofimvaba. Yaya jikin, yaya kafaɗar? Mu nan lafiya lau, in ban da iskar garin nan da ba ta barin mutum ya shanya ko ɗankwali.

Ni ce Nolitha, in kin manta, jikar ƙanwar kakarki, wadda kika taɓa yi wa kitso ana gobe Kirsimeti har na yi kuka, kika ce kaina kamar kabewa. Yanzu ina aiki a wani kantin magani a nan Mowbray. Na neme ki a waya har na gaji. Sai Bhuti Lungelo direba ya ce tun da kika koma gida kin kulle wayarki a akwati, amma in na rubuta zai kai miki hannu da hannu, tunda kowane mako yana kan hanyar nan.

Kada ki yi mini dariya, na fara rawar sanda, wadda ake yi a jikin dogon ƙarfe a tsaye, kuma ke kika ja mini. Shekarun baya na ga bidiyonki kina maƙale can sama, ƙafa ɗaya ce ta riƙe ki, kin saki hannuwa kina murmushi. Tun ranar abin ya shiga raina. A gida ana cewa rawar mashaya ce, ni kuwa ƙarfi na gani. Na sayi sanda ta hannu wajen wata mata da za ta bar gari, irin wadda ake tokarewa tsakanin ƙasa da silin. Tana nan jingine a bayan ƙofa, tsoro ya hana ni kafawa. A ina ake kafa ta? Me ya sa hannuna ke zamewa duk ƙarfen da na kama? Kuma dole sai da ɗan guntun wandon nan? Ni fa ina da kunya.

Sai abu ɗaya da na yi ta shawarar ko in faɗa miki. Na bi ta Salt River, ta gaban makarantar rawar da kuka buɗe ke da Gaynor. An sake fenti. A allon ƙofa sunanta ne kaɗai, naki an shafe, amma in rana ta haska ana ganin inuwar haruffan a ƙarƙashi. Na daɗe a tsaye raina yana ɓaci. Ban san abin da ya shiga tsakaninku ba, mu dai an ce mana kin faɗo.

Ƙanwarki,
Nolitha

Cofimvaba
Watan Afrilu

Litha,

Wasiƙarki ta iso, a bakin garken awaki na karanta ta. Lafiyarmu ƙalau. Mama na fama da hawan jininta, amma ba ya hana ta zuwa coci. Kafaɗa tana nan yadda likita ya ɗinke ta: hannun dama yana kai wa kunne, daga nan ya ce ya gaji. Matar da ke ɗaga jikinta duka da hannu ɗaya, yau sai an sauko mata da tukunya daga saman kabad. Kan naki har yanzu kabewa ne?

Kafin komai ɗaga kai ki dubi silin. In na kwali ne kada ki kusance shi, sandar za ta huda shi ranar da kika fi yarda da ita. Ki nemi ginshiƙi ko kankare. Ki tsayar da ita cak, ki duba ta gaba da ta gefe, sannan ki ɗaure. Duk ranar da za ki hau ki girgiza ta tukuna kamar kina jin haushinta. Akwai noti a gindinta da ke sa ta juya ko ta tsaya, ki bar ta a tsaye har sai kin yi ƙarfi. Katifa a ƙasa, ba bargo ba. Kuma kada ki juya kai ƙasa ke kaɗai a ɗaki, ko da kin ga kin iya.

Wandon kuwa, ajiye kunyar a bakin ƙofa. Ba don idon maza aka yanke shi ba. Fata ce ke kama ƙarfe, yadi zamewa yake. Cinya, bayan gwiwa, kwiɓi, hamata, duk riƙo ake da su. Za su yi baƙi kamar an lakaɗa miki duka, su daina da kansu. Cire zobe. Abin da kika yi da dama ki yi da hagu, ko kina kuka.

Hannunki na zamewa ne don na san ku 'yan gidanmu, ba ku fita sai kun dulmuya cikin basilin kuna ƙyalli. Ranar hawa babu mai, babu kirim, ko ɗigo, tun daga wankan safe. Ki bar ƙafar ta yi furu-furu, ba wanda kaushi ya taɓa kashewa. Sanda kuma a goge ta da sifirit da tsumma mai tsabta kafin hawa da bayan sauka. Wannan dokar ta fi sauran duka. Gaynor ta fi kowa saninta, da ita kuma ta gama da ni.

Kin ce ba ki sani ba, to ji. Wasan ƙarshen shekara ne, zaure cike. Har Mama na sa aka ɗauko, karon farko da ta yarda ta ga abin da nake yi. Gaynor ta yi nata kafin a tafi hutu, ni ce farkon hawa bayan an dawo, a kan sanda ɗaya. Na kama, na hau, na ji wani santsi a tafina, na ce gumi ne. Da na kai sama na juya kai ƙasa na saki hannu, cinyata ta ce ba ta san zancen ba. A ƙasa, kafin zafin ya iso, na murza yatsuna. Mai ne, Litha. Na san gumi.

Wa ya hau sandar kafin ni? A wuyan wa alhakin gogewa yake? Wa ta ce mini a wannan makon wai makarantar ta yi mana kaɗan mu biyu? Ina kwance a asibiti ta zo da furanni tana hawaye, ta rantse ta sa an goge. Na jefe ta da furannin da hannun da ya rage mini. Kafin a cire mini ɗinki ɗalibaina sun zama nata. Mama ban gaya mata zancen man ba, jininta ba zai ɗauka ba. A wurinta zamewa kawai na yi.

Da matar nan nake kwana, da ita nake tashi. Sandar ɗaki ba ta koyar da mutum, don haka je ki shiga ajinta. Sunan gidanmu ba ɗaya ba ne, ba za ta san ke tawa ce ba, kada kuma ki faɗa. Ki kwashe duk abin da ta sani, ai nawa ne. Ki buɗe ido, ki riƙa rubuto mini.

Yayarki,
Zukiswa

Mowbray
Watan Yuni

Yaya Zuki,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ki ce ta rage gishiri, mai kantin magani ce ta ce. Ni lafiya, sai dai jikina duk tabo. Wata abokiyar aikina ta ga cinyata muna canja kaya, ta ja ni gefe ta ce in faɗa mata sunan saurayin, yayyenta maza za su ji da shi. Na ce mata dogo ne har silin, kuma ba ya magana.

Silin ɗina kwali ne, kin canka. Na kafa sandar a ƙarƙashin ginshiƙin da ke tsakanin ɗaki da kicin, mai gidan bai sani ba. Na daina shafa mai, ƙafafuna kamar na fito daga buhun fulawa, amma yanzu ina kai wa sama. Sai dai da sanyin nan ƙarfen ba ya kamuwa. Gaynor ta ce in ɗumama jiki sosai, in yi ta murza sandar da tafi har ta yi ɗumi kafin in hau. Haka ne?

Na shiga ajinta kamar yadda kika ce. Ranar farko ta tambaye ni daga ina, na ce Komani. Ta ce ta taɓa sanin wata daga wajen can. Wata, Yaya. Sai da na ciji harshena.

Tana da wata ɗabi'a, shinshina hannun ɗalibai take yi a bakin ƙofa. Makon jiya wata sabuwa ta zo da kirim a ƙafa, Gaynor ta hau ta da faɗa, ta kore ta gida, ta sa aka goge sanduna duka har waɗanda ba a taɓa ba. 'Yan ajin suka ce haka take tun faɗuwarki. Na ce a raina ai dole, ta san aikin da mai ke yi.

Amma zan faɗi gaskiya, tana da hannun koyarwa. Ranar da na fara juya kai ƙasa na rikice, na manta inda ƙafata take, na saki. Ta tare ni da ƙirjinta muka zube tare, gwiwar hannunta ta fashe. Ta tashi tana dariya ta ce in sake.

Ga abin da ya tsaya mini a wuya. Ranar Juma'a na koma ɗaukar rigar sanyina, na tarar da ita ita kaɗai tana gwaji da kiɗan nan na bidiyonki. Rawarki ce, tun daga takun farko har faɗowar nan ta ƙarshe, inda kike sakin jiki daga sama kai ƙasa, ki damƙe da cinya saura kaɗan fuska ta taɓa daɓe. Ita za ta yi a wasan Nuwamba. Da ta gan ni ta ce wai don girmama wata tsohuwar abokiya ce. Ta karya ki, ta cinye makarantarki, yanzu kuma za ta sa rawarki a jikinta a tafa mata.

Taki,
Litha

Cofimvaba
Watan Agusta

Nolitha,

Muna lafiya. Mama ta gode da zancen gishiri, ta ƙara cokali guda don ki san ba a ba ta umarni. Kafaɗa na ciwo da sanyi. Motar Bhuti Lungelo ta kwanta a gareji, wasiƙarki ta yi makonni a aljihun ƙofa har ta sha baƙin mai, ni kuma ina nan ina saƙa da warwara, na ce shi ke nan matar ta saye ki.

Da na buɗe sai na ga ban yi nisa da gaskiya ba. "Tana da hannun koyarwa." Na karanta layin nan har takardar ta yage a wurin. Hannun da kike yabo, wa ya koya masa tarar ɗaliba? Ni na tsaya a kanta shekara da shekaru ina cewa ƙirji ake sawa, ba yatsu ba. Ta fasa gwiwar hannu kin ji tausayi. Ni ƙarfe ne da ƙusoshi a cikin kafaɗata, ko tsifar kaina Mama ke yi mini. In kin koma 'yar gidanta ki faɗa, in daina ɓata tawada.

Zancen ɗumama sanda gaskiya ne, shi ma nawa ne. Ki ƙara da wannan: kada ki yi tsalle ki shiga juyi, da ciki ake ɗaga ƙafa, kafaɗu a danne nesa da kunne. In tafinki na gumi akwai ruwan alli da ake shafawa, kaɗan, a bari ya bushe. Ki riƙa hutawa tsakanin hawa da hawa, ki ci abinci kamar mai zuwa gona, ba ganyen 'yan birni ba.

Yanzu rawar. Na ƙirƙiro faɗowar nan a shekarar da babana ya rasu, a wani gareji a Langa, ina ta zubewa a kan tsohuwar katifa har maƙwabta suka ɗauka dambe ake. Wai girmamawa.

Ba na son kotu, ba na son a ba ni haƙuri, kada kuma ki kawo mini zancen barin wa Allah. So nake ta ji abin da na ji. Ta kai sama, ta saki hannu, ta nemi cinyarta ta rasa, a cikin rawata, a gaban mutanenta. Ki nemi a sa ki a wasan, ki yi naki kafin nata a sanda ɗaya, da ɗan basilin a bayan gwiwa. Abin da ta yi mini ke nan, ba ƙari ba ragi.

In ba za ki iya ba, ba komai. Ki ƙona wannan, ki ci gaba da rawarki, ki manta kina da wata 'yar'uwa a Cofimvaba.

Zukiswa

Mowbray
Watan Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaishe da Mama. Lafiyata lau, sai dai an fizge mini waya a jirgin ƙasa, ban sayi wata ba tukuna.

Kin ɓata mini rai. Layi ɗaya kika ɗauka kika bar sauran. Na yi makonni ban taɓa biro ba don haushi, ina zuwa aji ina kallonta tana gyara wa mutane kafaɗa da kalmominki. Sai ran nan aka kawo takardun tallar wasan, ga hotonta kai ƙasa a tsakiyar faɗowarki, sunanki babu ko a gefe. Na tuna hannunki da ba ya wuce kunne, haushin da nake ji naki ya koma kanta.

Amma dabararki ba za ta yi ba. Na gwada a ɗaki da katifa biyu. Ɗigon basilin a bayan gwiwa, ko juyi ɗaya ban yi ba na tsinci kaina a ƙasa. Wadda ke ɗauke da man ita ke fara faɗuwa. Na yi ta tunanin yadda ita ta gama rawarta lafiya a ranar, sai na ce ba a jikinta ta kai shi ba, a lokacin hutu ta shafa, ko ta sa wani.

Shi ya ba ni hanya. Kin san masu goge sanda, waɗanda ke hawa tsakanin rawa da rawa da tsumma a ƙugu. Ba mai son aikin, ba tafi ba hoto. Na ɗaga hannu. Gaynor ta rungume ni ta ce ta fi yarda da ni a kan kowa, don ni kaɗai ce ba ta taɓa jin ƙanshin kirim a jikina ba. Ita za ta rufe wasan, ni zan goge kafin ta hau. Da tsumma biyu zan hau. Asabar ce ta ƙarshen Nuwamba.

Kada ki sake cewa an saye ni.

Litha

Cofimvaba
Alhamis, jibi wasan

Litha,

Lafiya muke, ba abin da ya sami kowa, amma ki karanta wannan a tsaye. Kada ki yi. Ki hau da tsumma ɗaya, na sifirit. Ba Gaynor ba ce.

Yau matan cocin Mama suka yi taron Alhamis a gidanmu, da fararen rigunansu. Ina raba shayi da hannun hagu aka zo ba da shaida, kowace tana faɗin abin da Ubangiji ya yi mata. Wata ta ce ɗanta ya sami aikin haƙar ma'adinai, tana tsoron ramin. Mama ta miƙe ta ce kada ta damu, ta karɓi man addu'a wajen bishop ta shafa masa a hular aiki, ita shaida ce. Ta nuna ni da sandar dogarawarta.

"Kun ga wannan? Da yanzu ciyawa ta tsiro a kanta. Ranar da ta kai ni Cape Town na ga 'yan mata suna lilo a kan ƙarfe kai ƙasa. Da aka tafi hutu kowa ya fita shan lemo, na lallaɓa na hau dandamalin, na ciro kwalbata daga jaka. Na shafe ƙarfen nan tun daga ƙasa har inda hannuna ya kai, ina cewa Ubangiji ka riƙe mini ita. Ta faɗo, i, Shaiɗan ya yi nasa. Amma likita da bakinsa ya ce saura kaɗan da wuyanta ne ya karye. Man nan ne ya karkatar da ita."

Matan suka ce amin, suka ɗauki waƙa. Butar shayin ta suɓuce mini. Mama ta ce ba komai, hannun ne, ta zo tana goge mini siket.

Ban faɗa mata ba, ba kuma zan faɗa ba har a binne ɗayanmu. Da kin ga fuskarta tana ba da labarin. Shekara biyu tana yi mini wanka tana tsefe mini kai, tana ganin ita ta cece ni. In ta san gaskiya jinin nan zai kashe ta a zaune.

Haushin bai tafi ba, shi ya fi ba ni tsoro. Yana nan cike da ƙirjina, ya rasa wanda zai kama. Ban yafe allon ƙofa ba, ban yafe rawar ba. Amma matar nan ba ta zuba mai ba, ta sa an goge kamar yadda ta rantse.

Na ari wayar malamin makaranta na hau tudun da ake samun layi. Na kira kantinku, aka ce kin ɗauki hutu sai Litinin. Na kira Gaynor, lambar tana kaina. Da ta ji muryata ta kashe, ban kuma ga laifinta ba bayan zagin da ta sha a wurina. Na tura mata saƙo cewa ta goge sandarta da hannunta ranar Asabar. Fiye da haka ba zan iya rubutawa ba sai na tona ki. Direbobi sun shiga yajin aiki tun jiya, ko mota ɗaya ba ta fita. Bhuti Lungelo ya ce in an buɗe hanya gobe zai kawo miki wannan har ƙofa.

Ina roƙon ki, ƙanwata, tsumma ɗaya.

Zuki

Mowbray
Farkon Disamba

Yaya Zuki,

Ina gaishe ki, ina fata ke da Mama kuna lafiya. Ni ban cika cin abinci ba kwanakin nan, amma lafiyata lau. Tun wasiƙarki ta Agusta ban ji daga gare ki ba. Na san har da yajin direbobi, tunda har yau ba a buɗe hanya ba, don haka ta gidan waya zan aiko wannan.

An gama, Yaya.

Ranar wasan da safe muna jera kujeru ta nuna mana wani saƙo a wayarta, baƙuwar lamba, sunanki a ƙasa. Ta ce, "Har yanzu Zuki ba ta gaji da yi mini gori ba." Wata ta ce to ta goge da kanta mana a huta. Ta ce a'a, ba za ta bari tsoro ya hana ta yarda da mutanenta ba, ga Litha. Ni kuwa na gane ki. Kina tsokanarta ne, kina kuma tuna mini kina tare da ni. Daga nan ban sake shakka ba.

Da lokacin ya yi na hau, na goge da na sifirit kowa na gani. A inda na san cinyarta za ta nema na canja tsumma, na sauko. Kafin a sa kiɗa ta karɓi makirufo ta ce rawar nan ba tata ba ce. Ta ambaci sunanki cikakke, ta ce ke kika ƙirƙira, tana fata wata rana ki dawo ki karɓi abinki. Aka tafa. Na ce a raina sai yanzu kika tuna.

Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ta kai sama, ta juya, ta saki. Ba ta tsaya ba. Ƙarar faɗuwar ce ban shirya mata ba, ba ki taɓa gaya mini akwai ƙara ba. Kiɗan ya ci gaba shi kaɗai har wani ya tuna ya kashe.

Ni na fara isa kanta. Idonta biyu. Ta murza yatsunta, ta dube su, ta dube ni ta ce, "Mai ne. Ashe Zuki ba ƙarya ta yi ba. Na ɗauka kunyar faɗuwa ce ta sa ta laƙa mini." Ta ce in riƙe mata hannu har motar asibiti ta zo, na riƙe. Ko a ƙasa matar nan ba ta daina wasan kwaikwayo ba.

Ƙashin baya ne. Likitoci sun ce a jira a ga ko ƙafafun za su dawo. Ban auna zai kai haka ba, amma ita ma ai ba ta auna miki ba.

Ranar Litinin 'yan sanda suka zo kanti. Ba su sha wuya ba, kowa ya san wadda ta goge, tsumman kuma yana jakata. Ban yi musu ba. An sake ni zuwa ranar zaman kotu, aikin kanti kuwa ya tafi. Saƙonki ma yana hannunsu, za su neme ki, kada ki ji tsoro.

Lauyan da aka ba ni, wani dattijo mai haƙuri, ya ce abu ɗaya ne zai sassauta mini: a buɗe zancen faɗuwarki a gaban alƙali, a nuna an zuba mai a ranar, a gano hannun da ya zuba. Ya bi tsofaffin ɗalibanku yana tambaya ko akwai wanda ya zauna a zauren lokacin hutu. Wata ta ce ta tuna mutum ɗaya ce ba ta fita shan lemo ba, wata dattijuwa mai farar riga a layin gaba. Na kusa tsalle don murna. Na ba shi sunan Mama da kwatancen gida. Ya ce za a aiko mata takardar kira, ta dafa Littafi Mai Tsarki ta faɗi duk abin da ya faru a hutun nan. Ke kin san Mama, ko za a yanka ta ba ta ƙarya a kan Littafi.

Ki fara shirya ta a hankali saboda jinin. Ki gaya mata ita ce za ta fitar da ni. Ki wanke mata farar rigar, da an buɗe hanya ku taho tare.

Ƙanwarki,
Nolitha